Dodon Ƙarfe: Me Ya Sa Nasu Ke Ba Da Tsoro, Namu Ke Ba Da Dariya?

Duk wanda ya daɗe yana bibiyar littattafanmu na yaƙi da na almara ya san yadda ake shigo da dodo cikin labari. Marubuci zai ce girmansa ya kai dutsen Kufena, idanunsa jajur kamar garwashin wuta, kawunansa bakwai, yana sanye da sulken da babu takobin da ke cin sa a duniya. Da ka juya shafi biyu sai ka tarar jarumi ya daka tsalle ya sare kawunan nan bakwai a sara ɗaya, ya goge takobinsa ya wuce wajen gimbiya. Ni dai na karanta irin wannan ya fi a ƙirga, kuma ban tuna ranar da gabana ya faɗi ba. Haka abin yake a finafinanmu, inda za a shafa wa mutum farar hoda, a zizara masa jan kwalli, a ba shi baƙar alkyabba, ya buɗe baki ya yi ta ƙyalƙyala dariyar mugunta, yara kuma su taya shi dariyar.

Ra'ayina shi ne, matsalar daga ƙira take. Muna yi wa dodo kirari, amma ba ma zama mu ƙera shi. Ba ma tambayar kanmu yadda yake tafiya, da me yake gani, me yake ci, ina lagonsa yake, wane ne kuma a cikin sulken. Domin in nuna abin da nake nufi, bari in ɗauke ku zuwa Landan ta shekarar 1963, wajen wani dodon ƙarfe da ya shekara sittin da ɗoriya yana tsorata 'ya'yan Turawa, alhali da tarkace aka haɗa shi.

A ranar 23 ga Nuwamba 1963 gidan talbijin na BBC ya fara nuna wani wasan kwaikwayo mai suna Doctor Who, labarin wani dattijo da ke yawo tsakanin duniyoyi da zamunna a cikin wani akwati. Shugaban sashen wasanni na lokacin, Sydney Newman, ya ja kunne cewa ba ya son a cika masa shirin da dodanni masu ƙwala-ƙwalan idanu irin na finafinan araha. Sai ga shi labari na biyu, wanda Terry Nation ya rubuta, dodanni ne zalla, masu suna Dalek. Matashiyar da ke jagorantar shirin, Verity Lambert, ta tsaya kai da fata sai an yi shi. Kafin labarin ya ƙare masu kallo sun tashi daga wajen miliyan 7 sun haura miliyan 10.

Abin da Terry Nation ya rubuta game da siffarsu kaɗan ne. Ya ce injuna ne masu muni, ba su da ƙafafu, ba su da kamar mutum, idonsu na kan sanda. An ce ya ɗauko tunanin tafiyarsu daga wasu 'yan rawa mata na ƙasar Jojiya da ya taɓa gani, waɗanda dogayen rigunansu ke share ƙasa har ba a ganin sawunsu, sai ka ga kamar sulalewa suke yi. Wanda ya mayar da wannan 'yar magana abin da ido zai gani shi ne wani ma'aikacin BBC mai zane, Raymond Cusick. Shi kuwa abu ɗaya ya ƙudurta a ransa, kada mai kallo ya dubi abin ya ce ai mutum ne ya sa kaya.

Ga wanda bai taɓa ganin Dalek ba, ka ɗauka akurkin kaji ne babba, ko ɗan ƙaramin rumbu, mai faɗi daga ƙasa yana tsukewa zuwa sama, tsayinsa bai kai na cikakken namiji ba. Gindinsa siket ne mai kusurwoyi, an jera masa ƙulu-ƙulai kamar an kifa ƙananan ƙore. Daga tsakiya hannu biyu ne suka fito, ɗaya bindiga ce da ta yi kama da maburgin miya, ɗayan kuwa robar nan ce da ake zuƙe toshewar magudanar ruwa da ita, ita ɗin dai ta kasuwa, domin kuɗin da za a ƙera hannu mai yatsu bai samu ba. A can sama akwai kai kamar an kifa tasa, da ido ɗaya tal a bakin sanda, da 'yan fitilu biyu da ke ƙyaftawa idan yana magana. Wani ƙaramin kamfani mai suna Shawcraft ne ya haɗa guda huɗu na farko, da katako da wata roba mai tauri irin wadda ake jikin kwalekwalen zamani da ita.

A ciki fa? Mutum ne zaune a kan ɗan benci, yana tura abin da ƙafafunsa a kan ƙananan tayoyi irin na kujerar ofis. Yana leƙen waje ta wata raga da ke wuyan dodon, shi yana gani ba a ganinsa. Da hannuwansa yake juya kai, ya ɗaga ido, ya motsa bindiga, ya kuma riƙa ƙyafta fitilu daidai da maganar da wani ɗan wasa daban ke yi daga gefe, don haka dole shi ma ya haddace zancen duk da ba a jin muryarsa. Ita muryar, wadda Peter Hawkins da David Graham suka fara yi, ana bi da ita ta cikin wata na'ura da ke yayyanka sauti kamar sau 30 a daƙiƙa guda. Wanda ya taɓa kafa baki gaban fanka tana gudu ya yi magana lokacin ƙuruciya ya san irin amon. Kalmar da suka fi so kuwa guda ce, ma'anarta a hallaka, suna maimaita ta suna ɗaga murya kamar mai shirin haukacewa.

To, a nan ne nake son mai karatu ya tsaya ya duba da kyau. Kowane ɓangare na wannan jiki yana da aikin da yake yi wa labari. Rashin ƙafa ya sa ba ka iya karanta niyyarsa, domin mutum idan zai kawo maka hari kana ganin ya gyara tsayuwa, shi kuwa wannan sai dai ka ga ya sulalo. Rashin fuska ya sa babu inda za ka duba ka roƙi arziki. Idon nan ɗaya da ke juyowa a hankali ya tsaya a kanka ya fi kawuna bakwai tayar da hankali. Har gajartarsa ma dabara ce, domin mutum zaune ne a ciki, sai tsayin ya ɓata wa mai kallo lissafi, ya kasa gane inda ɗan Adam zai shiga. Ranar da aka fara nuna shi, a ƙarshen kashi na farko cikin Disamba 1963, ba a ma nuna jikin ba. Wata malamar makaranta ce aka nuna ta manne da bango tana ihu, robar magudanar ruwan nan tana matsowa gare ta. Mako guda cur yara suka yi suna tambayar juna mene ne a bayan wannan hannu.

Sannan sulken yana ba da tarihin mai shi. A cikin labarin, abin da ke zaune a ciki wata 'yar halitta ce nakasasshiya, ragowar wata al'umma da yaƙin ƙare-dangi da gubar makamai suka narkar da ita a duniyarsu mai suna Skaro. Ba ta iya rayuwa a waje, ba ta taɓa komai da fatarta, don haka ta tsani duk wani mai rai da ba irinta ba. Terry Nation ya taso a birnin Kadif lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma bai ɓoye cewa 'yan Nazi ya hango ba. Ka ga ke nan ƙarfen garkuwa ne kuma kurkuku ne. Idan ka gane haka, ihun nasa sai ya canza ma'ana a kunnenka, ka ji kukan wanda aka rufe tun haihuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda raunin ƙirar ya zama abincin marubuta. A labarin farko, Dalek na samun wutarsa ne daga daɓen ƙarfen birninsu, kamar yadda jirgin ƙasa mai lantarki ba ya barin dogonsa. Da jaruman suka gano haka, sai suka shimfiɗa mayafi a ƙasa suka tura ɗaya a kai, wuta ta yanke, ya tsaya cik. Babu tsafi, babu takobin gado, lura ce kawai da hankali, kuma yaron da ke kallo zai iya cewa da ni ne ma da na gano. A 1964, da aka so su mamaye Landan, dole aka amsa tambayar yadda za su yi tafiya a titi, sai aka ɗaura musu faranti a baya na karɓar wuta daga nesa, aka kuma ƙara musu tudun gindi da manyan tayoyi. Matattakala kuwa ta zama abin tsokana na shekara da shekaru, ana cewa mai son tsira daga masu mulkin sararin samaniya ya hau bene kawai. Masu shirin suka bar mutane suka sha dariyarsu, har 1988 da aka nuna wani ya tashi sama yana bin matattakala. A 2005, da aka dawo da shirin bayan dogon hutu, sai aka bi abubuwan dariyar ɗaya bayan ɗaya ana mayar da su abin tsoro, har robar magudanar ruwan ta kama fuskar wani ta murƙushe masa kai. Amma a 2010 da kuɗi suka samu, aka sake su manya-manya masu launi kala-kala kamar robobin wanka, masu kallo suka yi tsaki, ba a jima ba aka tura su baya aka dawo da masu launin tagulla.

Haka ya faru da abokan hamayyarsu a shirin, mutanen ƙarfe da ake kira Cybermen, waɗanda suka fito a 1966. Wani likita mai bincike, Kit Pedler, shi ne ya kawo tunaninsu, saboda fargabar ranar da mutum zai yi ta sauya gaɓoɓinsa da na roba da ƙarfe har a wayi gari babu sauran mutum. Na farkon fuskarsu ƙyalle ce kamar an naɗe majinyaci, hannuwansu kuma na mutane ne tsirara. Daga baya aka mayar da su ƙarfe sumul mai ƙyalli. A wurina na ƙyallen sun fi ban tsoro nesa ba kusa ba, domin wannan hannun na mutum da ya rage shi ke gaya maka cewa da can wani ɗan uwanka ne.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne da bai shafe mu ba. Shirin nan ya zo ƙasar nan tun da daɗewa, ana aiko da shi cikin gwangwanayen fim ana nunawa a tashoshinmu. BBC da kanta ta goge da yawa daga cikin tsofaffin kaset ɗinta, sai daga baya ta koma tana cigiya a duniya. A shekarun 1980 an samo wasu a Nijeriya, sannan a Oktoban 2013 aka sanar cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya tarar da kashi tara da suka ɓata ajiye a wani ɗaki na tashar talbijin a Jos. A cikinsu har da labarin wasu dodanni masu gashi buya-buya waɗanda ashe injuna ne, wata ƙwallon ƙarfe a ƙirjinsu ke sarrafa su. Abin da Landan ta yar, Jos ta adana shi shekara kusan arba'in. Mu da muka taso a Tudun Jukun muna cunkushewa a ɗakin maƙwabci gaban talbijin baƙi-da-fari, mun ga irin waɗannan dodanni, kuma da azumi ya zo mun sha yanka kwali da buhu mu yi shigar tashe da su. Na tuna wani yaro a layinmu da ya kifa kwandon wanki a ka, ya rufa da zanen babarsa har ƙasa, ya riƙa tafiya a tsugune ba a ganin ƙafarsa. Ƙananan yara har kuka suka yi. Bai san sunan Cusick ba, amma ya gano sirrinsa.

Kuma ba baƙi ba ne mu a wannan fage. Nan unguwar tamu, inda kamfanin Gaskiya yake, nan ne cibiyar ɗab'in Hausa a zamanin su Abubakar Imam, kuma a Zariya kamfanin NNPC ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, labarin yaro Bahaushe da baƙo daga sararin samaniya, a shekarar da ɗan Adam ya taka wata. An buɗe mana ƙofar tun wancan lokaci, mu ne ba mu shiga da yawa ba.

Batun sulke kuwa, wa zai koya wa Bazazzagi? Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah ko hawan Daushe a ƙofar fada ya ga 'yan lifidi da 'yan sulke. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ka dubi ɗan lifidi da idon mai ƙira. An ɗinke shi da dokinsa cikin bargo mai kauri da aka cusa wa auduga, kibiya ta zo ta nutse a ciki ba ta kai ga fata ba. Fuskarsa ta ɓace a ƙarƙashin kwalkwali, siffar dokin ta ɓace, abin da ke tunkaro ka wani tudu ne mai numfashi. Amma nauyin ya hana shi sauri, sai an taimaka masa yake hawa, idan ya faɗo tashi sai an ɗaga shi, zafin rana na dafa shi a ciki, kuma abin da ya fi tsoro a duniya shi ne kibiya mai wuta, tunda auduga ce. Ƙarfinsa da lagonsa daga abu ɗaya suka fito. Wannan shi ne ainihin abin da Turawan can suka yi da Dalek, mu kuwa muna da shi a gida shekara ɗari shida, muna kallonsa sau biyu a shekara muna tafi, amma idan muka zauna rubutu sai mu ce sulken da babu takobin da ke cin sa. To in babu abin da ke cin sa, da me jarumi zai yi nasara in ba da son kan marubuci ba?

Na san abin da wasu abokaina marubuta za su ce. Za su ce dodonmu na tsafi ne, aljani ne, ba inji ba ne, don haka ba ya bukatar lissafi. Ban yarda ba. Kakanninmu da suka yi mana tatsuniya a dandali sun fi mu sanin wannan. Dodonsu yana da ƙa'ida, akwai abin da yake tsoro, akwai inda ransa yake, akwai wautar da ake kama shi da ita. Gizo ma da muryarsa ake gane shi, wannan tsamin bakin da kowace kaka ta iya kwaikwayo, tun kafin wani ya ƙirƙiro na'urar yayyanka sauti. Tsafin da ba shi da iyaka ba ya ba da tsoro, domin mai karatu ya san duk lokacin da marubuci ya gaji zai jawo wata laya daga aljihu ya rufe babi.

Masu fim kuma za su ce kuɗi. Wannan ma uzuri ne da ya tsufa. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau masana'antar Kano ta kashe abin da ta kashe a kan kayan sawa da motocin haya da gidajen aro. Abin da aka haɗa Dalek da shi, katako da roba da tayoyin kujera da fitilu, babu wanda ba za a samu ba tsakanin Tudun Wada da kasuwar Sabon Gari. Masu waldar da ke ƙera ƙofofi da injin markaɗe da kurar ruwa a bakin titunanmu, da maƙeran da ke narka gwangwani su zuba tukunya, da masu gyaran Keke Napep, da madinkan da ke ɗinka kayan doki, wa ya taɓa kai musu zane ya ce ga dodon da nake so, mutum zai zauna a ciki, ku ba ni shawara? Yanzu kuma ga sabuwar hanyar gudu ta zo, kowa na cewa kwamfuta za ta zana. Kwamfuta za ta ba ka abu mai ƙyalli cikin minti biyu, amma abin da ta saba gani za ta ba ka, wato dodon Amurka da na Japan, kuma ɗan wasan da ke tsaye gaban bango babu komai ba zai taɓa razana irin razanar wanda abu mai nauyi ya sulalo ya tsaya a gabansa ba.

Akwai kuma wani gefe na labarin da ya kamata ya dame mu, mu da ke harkar rubutu. Terry Nation, da yake marubuci ne mai zaman kansa, ya riƙe haƙƙin mallakar Dalek, ya yi arziki da kayan wasan yara da littattafai da finafinan da suka biyo baya. Raymond Cusick kuwa ma'aikacin albashi ne, ɗan hasafi kawai aka ba shi, har ya rasu a 2013. Alhali siffar da yara ke saye tasa ce. Mu ma nan haka muke yi. Ɗauki littattafan kasuwar Kano goma, ka duba ko a nawa aka rubuta sunan wanda ya zana bango. Idan muna son masu hannu su zauna su yi mana tunani, sai mun sa sunansu, mun kuma yanka musu rabo tun kafin abin ya karɓu.

Ga marubucin da ke shirin sako mana baƙi daga wata duniya a labarinsa na gaba, ina da 'yan tambayoyi da zan so ya amsa wa kansa a takarda kafin ya rubuta babi na ɗaya. A ce dodon nasa ya sauka a Zariya cikin watan Agusta. Idan tayoyi gare shi, yaya zai yi da taɓon lungunanmu da kwatocin da suka cika suka batse? Idan ya biyo yarinya ta shige zaure, ƙofar zauren ƙarama ce kuma a karkace take da ta cikin gida, zai rusa ne ko zai tsaya yana jira? Da wace wuta yake aiki a garin da ake ɗauke wuta, kuma idan harmatan ya zo ƙura ta rufe masa wannan ido, wa ke goge masa? In kuwa akwai mai goge masa, to wane ne wannan mutumin a cikin unguwa, nawa ake biyansa, kuma matarsa ta sani?